Duman da Ya Hana a Raba Gona

Kashe injin nan, Nura, kunnuwana sun gaji. Kuma na ji abin da ka gaya wa abokanka ɗazu, kada ka ɗauka tsufa ya toshe mini kunne. Ka ce fafar duma ba sana'a ba ce, wai ko akuya aka miƙa wa zarto za ta raba duma biyu. To madalla. Je ka ɗauko wanda ka yanka da injin naka, ka kifa ɓarin biyu a ƙasa kowa ya gani. Yawwa. Ɗaya ya fito ƙwarya, ɗaya ya fito faifai. Wace macen ce za ta ba ka kuɗinta a kan wannan? Ku daina dariya, ku da kuka taya shi riƙewa ba ku fi shi ba.

Ku matso ku dubi masakan nan biyu da ke kan tabarmata, manyan ƙoren nan da suka yi baƙi don tsufa, ɗaya da tsaga a baki. Ni na fafe su daga duma ɗaya, shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Saboda su ne gonar gidan Malam Tanko take guda har yau, ba a ja mata igiya an raba ba. Da hannuna ya kauce a ranar, da wa da ƙani sun rabu, da gidan nan mai ƙofar kudu da kuke wucewa kullum ya zama gida biyu da katanga a tsakani. Zan gaya muku yadda aka yi, amma sai kun fara sanin zare, in ba haka ba babu abin da za ku gane.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Ga zarto siriri, da hannuna nake wasa haƙoransa ɗaya bayan ɗaya. Ga lanƙwasasshiyar wuƙar da ake kankare totuwa, ɗacin nan na cikin duma. Ga basillar ɗinki, ga gammon da nake ɗora duma kada ya mirgina. Duk waɗannan in sun ɓace yau, ran kasuwar Shanono zan sami wasu. Wanda ba na ba da aronsa shi ne wannan: zaren auduga kamu uku, murzajje, ya sha gawayi da man gyaɗa har ya yi sulɓi. Ku tsumma kuke gani. Ni kuwa a sana'ar nan ban taɓa samun malamin da ya fi shi gaskiya ba.

Ina da shekara goma sha biyar aka kai ni wurin Kawu Ilu, wan mahaifiyata, gajeren mutum mai faɗa, ba ya maimaita magana. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa zarto ba. Kankare totuwa kawai, har ɗacinta ya kama mini hannu, in na ci tuwo sai in ji shi a baki. Ran da na gaji na ce, "Kawu, ni fa na iya, ina da ido," sai ya ɗauko wani kewayayyen duma, ya ɗiga gawayi wuri biyu a kafaɗarsa, tsakaninsu kamar taƙi ɗaya da rabi, ya miƙo mini.

"Ga gidanku, ga rijiya," in ji shi. "Zana mini hanyar da ta fi kusa."

Na rungume duman, na kanne ido ɗaya, na ja layi. A idona ya miƙe sar. Kawu ya karɓi duman. Ya danne zare da babban yatsa a ɗigon farko, ya ja ya ɗame shi zuwa na biyu, ya ɗaga tsakiyarsa da farce ya saki. Zare ya bugi duma, tas, ya bar baƙin layi. Nawa yana ƙasa, nasa ya hau sama ya yi doro kamar baka. Na ce ai nasa ne karkatacce. Ya ce in auna. Na kwantar da zare a kan nawa, na kwantar a kan nasa, wallahi nawa ya fi tsawo. Ya ce in tura zaren da yatsa ya koma kan layina. Na tura, ina saki ya zame ya koma inda yake. Na sake turawa, ya sake komawa, har na ji haushin zaren.

"Idonka a fili ya girma," in ji Kawu, "a gona da tsakar gida. Duma ba fili ba ne. Shi kuwa zare malalaci ne, ba ya yarda ya ƙara tafiyar da ba dole ba, shi ya sa ba ya ƙarya."

Bayan haka ya koya mini tafiya. Ka buga layi taƙi guda. Ka ɗaga zare, ka kwantar da rabinsa a kan ƙarshen layin da ka buga ya hau daidai, sauran rabin ya wuce gaba, ka sake bugawa. Haka, haka, kana juya duman a kan gammo, ba ka karkata dama, ba ka karkata hagu. Ranar farko da na yi wannan, ina cikin juyawa sai na ga wani layi yana tahowa daga bayan duman. Na ce to, wa ya zana wannan kuma? Ashe nawa ne, wutsiyarsa ce. Kan layin ya zo ya shiga ɗigon da na fara, cif, ko gashi ba zai ratsa ba. Ban juya ba ko sau ɗaya, gaba kawai nake yi, sai ga ni a ƙofar gida. Na zauna rungume da duma ina ta subhanallahi, har Kawu ya daka mini tsawa ya ce aiki muka zo ko wazifa. In layi ya dawo gida haka, ka bi shi da zarto, ɓarin biyu za su fito kamar tagwaye.

Akwai wani abin kuma da har gobe nakan yi in ba kowa a kusa, don kawai in kalla. Ka fara layi biyu gefe da gefe, tsakaninsu yatsa uku, kamar kunya biyu a gona. A gona har ka kai iyaka ba za su haɗu ba. A jikin duma kuwa, kafin ka zagaya rabi sun matso sun gitta juna, alhali babu wanda ya karkata a cikinsu. Ka gwada, Nura, in ka ga ba haka ba na ba ka zarton nan kyauta.

Wahalar ita ce ba kowane duma ne kewayayye ba. Wani ya girma a kan dutse, wani ya matsu tsakanin kunya, ya fito kamar an zauna masa. A irin wannan sai ka tafi miƙe, ka zagayo, ka wuce ɗigonka ta gefe, kana ganinsa amma ba ka shiga ba. Kawu ya ce mini, "Duk lalacewar duma, Allah ya ajiye masa hanya uku masu dawowa gida. Aƙalla uku. Aikinka ka nemo ɗaya." Na ce wa ya ƙirga? Ya ce kakansa. Na ce shi kuma wa ya gaya masa? Ya jefe ni da totuwa.

Sai da gemuna ya yi fari na sami amsa, daga inda ban zata ba. Rabi, 'yar ƙanwata, wadda take koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ta zo hutu ta same ni ina buga zare. Ta tsaya a kaina tana kallo, can ta ce, "Kawu, ka san abin da kake yi kuwa?" Na ce shekara talatin ina yi, yau ne za a gaya mini? Washegari sai ga ta da taswirar duniya irin mai kama da ƙwallo. Ta karɓi zarena, ta danne shi a Kano, ta ja shi zuwa wata ƙasa mai nisa can gabas. Ta ce wannan layin shi jirgin sama yake bi. In ka duba hanyar a taswirar takarda sai ka ga ta lanƙwashe, ka ce direban ya ɓata, alhali ita ce mafi kusa. Ta ce ƙasar nan da muke nomawa duma ce babba, mu ne muka yi ƙanƙanta ba ma ganin doronta. Na ba ta labarin hanya uku ina dariya, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce manyan masana lissafi sun daɗe suna fama kafin su tabbatar da wannan maganar, kuma uku ɗin suka samu. Ta ƙara da cewa hatta hasken tauraro, in ya gifta kusa da rana, irin wannan hanyar yake bi, don sararin sama ma ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Nan kaina ya tsaya. Na dubi zaren nan mai warin man gyaɗa, na dubi sama, na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi duma ya yi duniya da awo ɗaya. Ranar ban iya cin abinci ba, ina ta tuna Kawu Ilu wanda ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba.

To, mu koma kan masakan. A da masu sayenmu ba su ƙirguwa. Fulanin wajen Shanono su zo su ƙwanƙwasa ƙwarya da yatsa su kara a kunne, in sautin bai yi musu ba ko kyauta ba sa so. Masu fura, masu koko, 'yan awon hatsi da ke kai kaya Dawanau, kowa da irin tasa. Sai aka yi wata shekara, ba za ku so ku ga irinta ba. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Wanda yake samun dami ɗari ya tashi da goma sha. Duma kuwa ya mutu tun yana yaɗo, na zagaya ƙauye bakwai ban tara abin da zai cika mangala ba. A shekarar ne idon Kawu ya rufe, hannunsa ya kama rawa, ya zamana ni ke aiki shi yana zaune a gefe yana faɗa.

Malam Tanko ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, Haruna babba da Isiyaku ƙarami, da gona ɗaya. Kun san yadda ƙasarmu take, gona na jingine da gona, babu dajin da mutum zai sara ya ƙara. Tasu doguwa ce siririya, rijiya a tsakiya, in aka raba ta kowa zai tashi da abin da ba zai ci da iyali ba, ƙarshenta a sayar. Don haka tsohon ya bar musu wasiyya: kada a raba ƙasa, a raba tsaba. Su yi noma tare, in an sussuke a tara a tsakar gida. Ya bar musu masaki biyu daga duma ɗaya. Za ku ce me ya hana su ɗauki mudu guda su huta? Ni ma na tambaya. Dabarar tsohon ita ce, kowa ba ya aunar wa kansa. Haruna ya cika nasa masakin ya juye a buhun Isiyaku, Isiyaku ya cika nasa ya juye a buhun Haruna. Duk tozon da ka yi, ɗan'uwanka ka yi wa. Shekara da shekaru suna haka, ba a taɓa jin kansu ba.

A waccan shekarar jaki ya taka masakin Isiyaku ya ragargaza shi. Ya sayo wani a kasuwa, a ido kamar ɗaya suke. Da shekarar ƙoshi ce babu wanda zai duba. Amma yunwa tana sa mutum ya ƙirga ƙwayar gero. Ana cikin rabo Haruna ya ga buhunsa bai kai na ƙanensa ba, ya juye masaki a masaki, na kasuwa ya gaza da kusan tafi biyu. Ya ce da gangan ne, zaman Dawanau da rani ya koya wa Isiyaku cuta. Isiyaku ya ce an kira shi ɓarawo a gaban 'ya'yansa, shi kam a ja igiya kowa ya kama gabansa. Aka mayar da geron aka tara, aka rufe da asabari, babu mai taɓawa. Magana ta kai gaban dagaci. Ya ce ya ba su zuwa Juma'a: ko su kawo masakai biyu da kowa ya yarda da su, ko bayan an sauko daga masallaci ya aiko da masu igiya.

Ran Laraba da hantsi suka zo nan, gindin darbejiyar nan, ba sa ko kallon juna. Tsakaninsu duma ɗaya, wanda wani mai lambu a bakin ruwan Watari ya ba su, shi kaɗai ne babba da ya rage a duk yankin. Da na gan shi na san akwai aiki. Ƙato ne, amma ya girma a matse, ya yi tsawo ta nan ya baje ta can, cibiyarsa kuma, wato inda yaɗo ya riƙe shi, ta zame gefe guda. Babu na biyu. In na ɓata shi, shi ke nan.

Mutane suka taru, har dagaci ya sa aka kawo masa kujera. A ƙauyen nan kowa ya yarda cewa duma ta cibiya ake raba shi, haka suka ga ana yi tun suna yara, kuma a lafiyayyen duma gaskiya ne. Haruna ya sa yatsa a cibiyar ya ce, "Ta nan za ka bi, Sule, kada ka kawo mana wani salo." Isiyaku ya ce shi ma ta nan. Abin da suka yarda da shi ke nan tare a duk makon, kuma su biyun sun yi kuskure.

Na miƙa wa Kawu duman. Ya shafa shi da tafin hannu, a hankali, kamar mai duba doki. Ya ce, "Bi musu ta cibiyar su gani."

Na ɗiga gawayi a cibiya, na fara tafiya. Bugu, juyi, bugu, juyi. Da na zagayo, layin ya wuce ɗigon da yatsa huɗu. Wurin ya ɗauki hayaniya. Na goge da jiƙaƙƙen tsumma, na bar cibiya, na nemi inda duman ya fi tsawo na fara daga can. Haruna ya miƙe tsaye.

"Kai, ina za ka? Ka bar cibiya a ɓari ɗaya! Wa ka shirya ba wa babban?"

"Zauna, Haruna," in ji Kawu. "Cibiyar ta ubanka ce?"

Aka yi dariya, ya zauna yana huci. Na zagayo, saura yatsa biyu. Na goge, na ɗan gyara fuskar layin, na sake. Aka kira azahar, muka yi salla muka dawo. Na huɗu, na biyar. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan duman, yatsuna sun yi baƙi ƙirin. A na shida layin ya zo kusa ƙwarai, abin da ya rage bai fi faɗin ƙwayar wake ba. Isiyaku ya sunkuyo ya ce, "Haba Sule, ɗan wannan? Karkato shi kawai ya shiga, mun gaji." Haruna ma ya ce a karkato. Ba zan ɓoye muku ba, na so in yi. Babban yatsana har ya fara tura zaren. Ban san yadda makaho ya gani ba, sai na ji sandarsa a gwiwar hannuna.

"In ka tanƙwara shi a nan, ƙaryar tana can baya inda ba ka gani," in ji Kawu. "Wake ɗaya a baki, tafi guda ne a ciki. Goge."

Na goge. Na rufe ido na shafa duman yadda na ga ya yi, na ji wani ɗan kwari a tafin hannuna wanda ido bai nuna mini ba. Na matsar da ɗigon kaɗan, na yi bisimilla. Wannan karon layin ya bi ta wurin da duk mai ido zai rantse karkatacce ne, ya bar cibiya can gefe, ya hau doro ya gangara. Zare yana ta tas, tas. Na juya duman juyin ƙarshe, wutsiyar layin ta ɓullo. Na kwantar da zare, na ɗame, na ɗaga, na saki. Ya faɗa cikin ɗigon kamar dama can a nan aka haife shi.

Wani tsoho a bayana ya ce, "Allahu akbar." Dagaci ya sauko daga kujera ya tsuguna, ya bi layin da yatsa har ya zagayo, ya ce, "Ikon Allah. Bai juya ba fa, ina kallo." Haruna da Isiyaku duk sun sunkuya a kan duman, kawunansu har suna gogar juna, sun manta ba sa magana. Ni kuwa na sha ruwa, na ɗauki zarto.

Na yanka a hankali, ban taɓa jin tsoron zarto kamar ranar ba. Duma ya buɗe. Na kankare totuwa, na goge baki, la'asar ta yi. Aka aika aka ɗebo gero daga tarin nasu. Dagaci da kansa ya cika ɓari ɗaya, ya shafe bakin da kara, ya juye a ɗayan. Ya shafe. Gero ya cika shi fal, sai ɗan abin da ya zubo a kan tabarma, na tattara shi, bai rufe tsakiyar tafin hannuna ba. Ɓarin da ke da cibiya ya fi kauri ta ciki, shi ya cinye wannan ɗan wurin. Layi ya yi gaskiya, amma masaki ɗaya ya fi ɗaya da abin da bai kai loma ba.

Na ce a raina shi ke nan, wahalar banza na yi, jibi masu igiya za su zo. Mutanen da suka yi faɗa a kan tafi biyu, me zai hana su yi a kan wannan?

Haruna ya daɗe yana kallon geron da ke hannuna. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki babban masakin. Kun tuna dokar gidan: wanda ya riƙe babba, shi ne zai riƙa ba da ƙari. Isiyaku ya gane, ya cafke ɗaya gefen.

"Sake shi, Yaya. Ni na fasa na farko, ni zan riƙe wannan."

"Ka ji mini yaro," in ji Haruna. "Ni na goya ka zuwa gonar nan. Kai ne za ka ciyar da ni? Sake!"

Suka kama ja, ni kuwa ina ihu kada su fasa mini aiki. Dagaci ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce babba ya ɗauki babba. Kawu Ilu ya juya fuska yana goge ido da hannun riga, ya ce hayaƙin wani ne ya dame shi, alhali babu mai wuta a kusa. Ran Juma'a ba a ga masu igiya ba. Kawu bai ga damina ta gaba ba, Allah ya jiƙansa, kuma wannan aikin ne kaɗai na taɓa yi bai ce mini da saura ba.

Kun san Malam Haruna ya rasu bayan sallar layya, da yawanku kun je jana'iza. Shekaranjiya sai ga Malam Isiyaku da sandarsa, ya rungumo masakan nan biyu a cikin zani. Na kifa su baki da baki, suka haɗu ruf, shekara arba'in ba ta raba su ba. Na zaci ya kawo su ne don an gama da su, 'ya'yan Haruna sun ce a raba. Na tambaye shi. Ya ce a'a, kaka ta matso, babban ɗan Haruna ne zai tsaya a madadin ubansa. Tsagar bakin nan yake so in ɗinke kafin a fara sussuka. Na duba, babban ne ya tsage. Na ce to, in na gama in aika wa yaron da shi?

Ya ce, "Wane yaro? Ƙaramin za ka ba shi. Shekara arba'in Yaya yana cusa mini ƙari ina kallo, ba yadda zan yi da shi. Yanzu ya tafi, babban ya zo hannuna. A kan 'ya'yansa zan rama."

Ya faɗa yana dariya, hawaye yana bin gemunsa. Miƙo mini basillar can, Nura, in kama ɗinkin nan tun da sauran haske. In kuma har yanzu kana ganin aikin akuya ne, ga zare, ga duma, ɗiga gawayinka ka tafi miƙe mu ga ko za ka dawo gida.